Neman Asalin Gidajen Nok A Cikin Tsofaffin Takardun Ƙidaya

Duk wanda ya zauna a aji a ƙasar nan, ko da bai wuce firamare ba, ya ji sunan Nok. Ƙauye ne a ƙasar Jaba, kusa da Kwoi, yamma da Kafanchan, a kudancin Jihar Kaduna, mutanensa kuwa Ham ne, watau waɗanda Hausawa ke kira Jaba. A cikin shekarar 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan ƙaramin kai na yumɓu kusa da ƙauyen, a filin da wani Bature mai suna Kanar Dent Young yake da hannu a ciki. Bayan shekara goma sha biyar, a 1943, aka kai wa Bernard Fagg wani kan a Jos, wanda aka tsinta a wajen Jama'a, har ma an riga an kafa shi a gonar doya don tsorata ɓarna. Fagg ya ga kama tsakanin kawunan biyu, ya raɗa wa dukan irin wannan aiki sunan Nok. Masanan Jami'ar Frankfurt ta ƙasar Jamus, waɗanda suka fara tone-tone a yankin a 2005, sun nuna cewa mafarin wannan al'ada ya kai wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa.

To, ga abin mamaki. An auna shekarun tukunyar da ta shekara dubu uku a ƙasa, amma idan aka tambayi mutumin Nok na yau shekarar da aka haifi kakan mahaifinsa, da ƙyar ya iya ba da amsa. Littattafan da ke ba da labarin 1928 sun riƙe sunan Baturen, ba su damu da sunan mai shebur ba. Wannan ne ya sa a wannan mako filin nan zai duba hanyar da ɗan ƙauye irin Nok zai bi ya nemo mutanen gidansu a cikin tsofaffin takardun ƙidaya, da abin da zai samu, da kuma abin da bai kamata ya sa rai a kansa ba.

Maganar ta wuce ta hira. Yaron da ke neman shiga jami'a ko aikin soja sai ya kawo takardar shaidar cewa shi ɗan asalin ƙaramar hukumarsu ne. Gardamar gona idan ta kai gaban alƙali, tambayar farko ita ce wa ya sari dajin. Haka kuma idan kujerar dagaci ta faɗi, sai an jera sunayen waɗanda suka riƙe ta. Ga kuma 'ya'yan da aka haifa a Kaduna da Abuja da Legas, waɗanda ba su jin Hyam sosai, suna girma ba su san gidajen da suka haɗa jini da su ba. Tsofaffin da ke riƙe da waɗannan abubuwa a ka kuwa, kullum raguwa suke yi.

ƘIDAYA BA SUNAYE

A Ingila da Amurka wannan bincike yana da sauƙi, domin ƙidayarsu ta sunaye ce. Tun daga 1841 malamin ƙidaya a Ingila yake rubuta sunan kowa a gida, da shekarunsa da sana'arsa. Hukuma takan kulle takardun shekara ɗari, kana ta buɗe wa jama'a, shi ya sa na 1921 suka fito a 2022. Amurka takan jira shekara 72, na 1950 su ma a 2022 aka sake su. Duk da haka su ma suna da giɓi. Wuta ta cinye yawancin takardun Amurka na 1890, ta kuma cinye na Ingila na 1931. Baƙaƙen Amurka kuwa, a ƙidayar 1850 da 1860 an lissafa kakanninsu bayi a ƙarƙashin sunan ubangijinsu ba tare da nasu sunan ba, sai a 1870 sunayensu suka fara bayyana.

Halin da ɗan Nijeriya yake ciki ya fi kama da na waɗannan na ƙarshe, watau an ƙirga kakanninsa amma ba a ajiye masa sunayensu ba. Ƙidayar farko da ta game ƙasar duka ita ce ta 1921, kuma a Arewa daga cikinta ne C. K. Meek ya rubuta littafinsa na 1925 a kan ƙabilun lardunan Arewa. Ta 1931 ta zo daidai da farmakin fara, ga kuma tarzomar matan Aba ta 1929 ba ta daɗe da lafawa ba, saboda haka a mafi yawan wurare ba a bi gida-gida ba, daga littattafan haraji aka kwashe adadi. A 1941 ana yaƙi, ba a yi ba. Sai a 1952 aka yi wa Arewa ƙidaya mai ɗan inganci, aka sami mutum miliyan 16.8, alhali kuwa a 1931 miliyan 11.4 aka ce. Wannan tsalle kaɗai ya isa ya nuna yawan mutanen da littafin haraji bai gani ba.

Bayan samun mulkin kai ƙidaya ta koma fagen siyasa. An soke ta 1962, aka sake a 1963 aka ce miliyan 55.6. Ta 1973 ta ba da miliyan 79.8, Janar Murtala Muhammed ya soke ta a 1975. A 1991 an sami miliyan 88.9, a 2006 kuma miliyan 140.4, inda Ƙaramar Hukumar Jaba ta tashi da mutum sama da 155,000. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. A cikin dukansu abin da aka buga wa jama'a adadi ne, takardun da ke ɗauke da sunayen mutane kuwa doka ta mai da su sirri. Saboda haka wanda ya tafi ofishin ƙidaya yana neman shafin da aka rubuta gidan kakansa, zai komo hannu rabbana.

LITTAFIN HARAJI

Amma fa akwai wata ƙidayar da aka yi ta yi kowace shekara a zamanin Turawa da na En'e, ita ce ta haraji. Tun daga dokar haraji ta 1906, a ƙarƙashin Gwamna Lugga, aka ɗora wa jami'an mulki nauyin zagaya gundumomi su kimanta arzikin kowace. Di'o ko mataimakinsa yakan sauka a gunduma da malamansa, ya ƙirga gidaje da maza da mata da yara, da awaki da tumaki, ya auna wasu gonaki, ya tambayi abin da ake nomawa da farashinsa a kasuwa. Daga nan ya rubuta rahoto ya aika wa Razdan. A farkon irin wannan rahoto galibi akan sami tarihin wurin kamar yadda dattawa suka ba da shi, da sunayen zuriyoyi da unguwanni, da jerin sarakuna da dagatai. Ban da wannan akwai littafin gunduma, wanda kowane Di'o ke ƙara bayani a ciki idan ya zo rangadi. A ƙasa da su duka kuma akwai rajistar da malamin haraji ke cikawa kowace shekara, sunan mai biya bayan sunan mai biya, unguwa-unguwa. Wannan rajista ita ce mafi kusa da ƙidayar sunaye da ƙauye irin Nok ya taɓa samu, kuma ta ci gaba har 1979, lokacin da Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji a Jihar Kaduna.

Rahotannin manya suna Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke kan titin Yakubu Gowon a Kaduna. Hukumar da ke riƙe da ita ta samo asali ne daga aikin Dokta Kenneth Dike, wanda ya buɗe ofishin farko a Ibadan a 1954. Mai bincike zai nemi jerin fayilolin Sakatariyar Lardunan Arewa, masu alamar SNP, da na ofishin Lardin Zazzau, masu alamar ZARPROF. Sai dai ya kiyaye da abu guda. Ƙasar Jaba ba a lardi ɗaya ta zauna ba. Da farko Kwoi da kewayenta suna cikin Lardin Nasarawa, wanda aka rushe a 1926, daga baya suka koma Lardin Zazzau, wasu ƙauyukan Ham kuma suna ƙarƙashin Sarkin Zazzau ta wajen Kachiya. Wanda ya tsaya a kan fayilolin lardi guda zai rasa rabin labarin. Har ila yau sunan da zai nema a jerin fayiloli shi ne Jaba, domin da shi Turawa suka san mutanen. Gidan Sardauna da ake kira Arewa House, wanda ya zama cibiyar binciken tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello, shi ma yana da takardu da littattafai masu amfani, ciki har da rubuce-rubucen Meek na 1931 da na Harold Gunn na 1956, waɗanda suka taɓo Jaba da maƙwabtansu.

Rajistar sunaye kuwa ba a cika kai ta Kaduna ba. A ofishin gunduma da baitulmalin En'e ake ajiye ta, kuma da yawa gara da ɗigon ruwa da sauye-sauyen ofis sun ci su. Abin da ya tsira, in akwai, yana cikin tsohon kabad a fadar hakimi, ko sito a sakatariyar ƙaramar hukuma, ko akwatin ƙarfe a gidan wani tsohon malamin haraji. Rasit ɗin haraji da magidanta ke naɗewa su ɓoye a gwangwani shi ma shaida ne, domin yana ɗauke da suna da shekara da unguwa.

YADDA AKE KARANTA TA

Takardar da aka rubuta don karɓar kuɗi ba a karanta ta kamar wadda aka rubuta don Allah. Mutane sun san abin da ke biyo bayan ƙirga, don haka idan aka ji malami na tafe, samari sukan hau dutse, awaki kuma su kwana a jeji. Uba yakan ce ɗansa bai isa ba tukuna, ko da ya fara riƙe garma. Dagaci ma yana iya rage adadi don ya sauƙaƙa wa jama'arsa, ko don wani abu ya rage masa. Saboda haka rashin ganin sunan mutum a wata shekara ba ya nufin ba ya nan. Mata kuwa, ko a inda aka lissafa su wajen yanke kuɗi, sunan maigida ake rubutawa. Mai binciken da ya dogara ga haraji kaɗai zai fito da itacen zuriya mai maza zalla, kamar ba mace ce ta haife su ba.

Sai kuma matsalar suna. Malamin da ya riƙe alƙalami sau da yawa da Hausa ya yi karatu, kunnensa bai saba da sautin Hyam ba, yadda ya ji haka ya rubuta, wanda ya gaje shi kuma ya rubuta dabam. Sunan Kwoi kansa haka ya samu, mutanen wurin Kwain suke cewa. Mutum guda yana iya bayyana da suna uku: na Hyam da aka raɗa masa a gida, da laƙabin Hausa da ya samo a kasuwa ko a filin kuza, da kuma na Littafi Mai Tsarki da ya karɓa ranar baftisma. Ɗansa da ya shiga makaranta yana iya ɗaukar kowane daga cikin ukun ya mai da shi sunan mahaifi, wani ma sunan kawun da ya kai shi makarantar aka rubuta masa. Ta haka 'yan uwa ciki ɗaya kan wayi gari da sunayen gida mabambanta.

Haka nan adadin ƙauye idan ya faɗi ko ya tashi farat ɗaya, akwai dalili, ruwa ba ya tsami banza. Wataƙila annobar mura ta 1918 ce. Wataƙila wata unguwa ce ta sauko daga dutse zuwa fili bayan an daina farautar bayi, ko aka yanke ta aka ba wani dagaci. Wataƙila kuma maza ne suka tafi aikin hanyar jirgin ƙasa da ta haɗe a Kafanchan a 1927, ko ɗiban gwamna ya kwashe su zuwa kuzar Jos tsakanin 1942 da 1944, ko sun tafi yaƙin Bama. Wajibi ne kuma mai karatu ya daure da kalmomin raini da zai tarar a cikin rahotannin, domin marubutansu sun dubi mutanen da idon mai mulki, da kuma idon tafinta wanda sau da yawa ba ɗan ƙasar ba ne. Ya ɗauki sunaye da adadi da kwanan wata, ya auna ra'ayin marubucin da sikeli.

SAURAN SHAIDU

Abin da haraji ya bari, wasu littattafan sukan cike. 'Yan mishan na SIM sun buɗe tasharsu a Kwoi a 1910, kuma daga aikinsu ne ekklisiyar ECWA ta tsaya da ƙafafunta a 1954. Rajistar baftisma da ta aure da ta jana'iza su ne wuraren da sunayen mata suka fara shiga takarda, galibi tare da sunan uba da ƙauyen da aka fito. Wasu na nan a majami'u, wasu a hedkwatar ECWA a Jos, wasiƙu da rahotannin 'yan mishan kuma a ma'ajiyar SIM a Amurka. Rajistar shiga makarantar elementare tana ba da sunan yaro da na waliyyinsa da shekarar da aka kimanta masa. Littafin kotun gargajiya ya fi su duka daɗin karatu ga mai neman dangantaka, domin a shari'ar sadaki ko gado ko iyakar gona, shaidu da bakinsu suke faɗin wane ɗan wane ne. Rajistar haihuwa ta tilas kuwa sai daga baya aka kafa dokarta ta ƙasa baki ɗaya, shi ya sa takardar rantsuwar shekaru da yawancin manya ke riƙe da ita kintace ce, a yi hattara da ita.

Amma ba daga Kaduna ake fara wannan aiki ba, daga tsakar gida ake farawa. Mai bincike ya zauna da dattawan gidansu ɗaya bayan ɗaya, kowa shi kaɗai, ya rubuta sunayen da suka ambata duka da yadda ake furta su. Kada ya tsallake tsofaffin mata, su ne suka san wace aka auro daga wane ƙauye, wace kuma aka kai ina. Tun da dattijo ba ya ƙirga shekara da lamba, sai a yi masa tsani da abubuwan da ba a mantawa: murar 1918, zuwan jirgi, shekarun fara, ɗiban gwamna, husufin rana na watan Mayu 1947, zuwan Sarauniya a 1956, yaƙin basasa, canjin kuɗi zuwa naira a 1973. Sa'an nan a ɗauki abin da aka ji a gwada shi da abin da aka rubuta.

Ga misali. A ce wata tsohuwa ta faɗi cewa mahaifinta bai yi aure ba lokacin da aka ɗebe shi zuwa kuza, kuma shekarar da ya komo aka fara yanka masa haraji. Idan aka sami sunansa ya fara fitowa a rajistar 1945, maganarta ta tabbata, kuma tun da yaro yakan shiga rajista ne yana da shekara goma sha biyar zuwa sha takwas, haihuwarsa ta faɗa tsakanin 1927 da 1930. Idan kuma littafin majami'a ya nuna wani mai sunan baftisma dabam ya yi aure a 1951, sunan ubansa da unguwarsa suka zo daidai da na rajistar haraji, to, mutum ɗaya ne. Ƙa'idar ita ce kada a karɓi magana sai shaidu biyu da ba su kwafi juna ba sun haɗu a kanta. Irin wannan hanya ce Polly Hill ta bi a Ɓatagarawa ta ƙasar Katsina a 1967, da Ɗorayi ta ƙasar Kano bayan 'yan shekaru, inda ta bi gida-gida tana rubuta zuriya, tana kuma gwada abin da ta gani da takardun hukuma.

IYAKAR TAKARDA

Akwai abubuwa biyu da takardun nan ba za su iya ba. Na farko, ba za su kai mutum ga masu ginin kawunan yumɓu ba. Tsakanin ƙarshen al'adar Nok da rahoton Di'o na farko akwai kusan shekara dubu biyu, kuma masana ba su tabbatar da cewa wata ƙabila ta yau ita ce zuriyarsu kai tsaye ba. Sunan ƙauyen aka ara aka ba su. Mutanen Nok suna da haƙƙin alfahari da abin da ƙasarsu ta ɓoye, da kuma nauyin tsare shi daga masu tono su sayar, ba sai sun ƙirƙiro salsala ba.

Na biyu ya fi nauyi. Kudancin Kaduna ya sha wuya a kan tambayar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo, tun daga Kafanchan a 1987 da Zangon Katab a 1992 har zuwa rikicin bayan zaɓen 2011. Akwai masu shiga ma'ajiyar takardu kamar mai shiga maƙera neman wuƙa, su tsinko layi guda da ya yi musu daɗi su bar sauran shafin. Wanda ya karanta fayil daga farko har ƙarshe zai ga abin da ya fi haka yawa: zuriyoyin da suka taso daga wani dutse suka sauka a wani, Bafilatanin da aka karɓi jangalinsa a gundumar tun zamanin kakanni, Bahaushen da fataucin citta ya kawo, aure tsakanin Ham da Bajju da Gwong da Koro. Rajistar haraji tana nuna wanda ya biya a wata shekara ne kawai. Ba ta san wanda ya riga zuwa ba, kuma ba a rubuta ta don ta raba gado ba.

Abin da ya rage shi ne a ceci abin da ya saura tun bai ƙare ba, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Wayar da ke aljihun kowane saurayi a yau ta isa ta ɗauki hoton rajistar majami'a shafi-shafi a yini guda, ta kuma naɗi muryar dattijo. Ƙungiyoyin ci gaban ƙauyuka, da fadar Kpop Ham, da Ƙaramar Hukumar Jaba, suna iya sa ɗalibai wannan aiki a lokacin hutu, a ajiye kwafi ɗaya a fada, ɗaya a gidan kayan tarihi na Nok, ɗaya a Kaduna, don kada gobara ko tarzoma guda ta tafi da kome. Bikin Tuk Ham, da ke tara 'yan ƙasar daga ko'ina a lokacin Ista, dama ce ta kowane gida ya zo da jerin sunayensa a gwada da na maƙwabta a gyara kurakurai. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa kuma, duk ranar da ta sake fita ƙirga, ya kamata a yi mata dokar da za ta sa ta adana takardun sunaye a buɗe su bayan shekara ɗari, domin jikokin mutanen Nok na yau su sami shafin da kakanninsu suka nema suka rasa.